Kwamfutar da Na Aika wa Inna a Umbadda

Mun tashi daga Gadarif ana kiran assalatu, bas cike maƙil, kowa ya rungume jakarsa a cinya. Tawa ba ta da nauyi: kaya kala biyu, sai ƙullin riɗi da maiɗakina ta ce in kai wa surukarta. Ku da kuke bibiyata a nan kun san ni malamin lissafi ne, tafiya ba sana'ata ba ce. Rabona da Khartoum tun ranar da yaƙi ya koro mu, muka fito da yara da abin da hannu ya iya ɗauka. Inna, mahaifiyata, ta ƙi biyo mu. Ta ce ba za ta bar gidan da mijinta ya gina a Umbadda, unguwarmu ta Omdurman, ba, kuma har yau tana can ita kaɗai.

Bari in faɗa muku abin da ya tashe ni. Wayar Inna an karɓe ta a wani shinge tun farkon rikicin, kuma ko da tana nan, idonta ba ya ganin ƙaramin allo. Abin da ya rage mata shi ne tsohuwar kwamfutata da na bari a gida, wadda ta tsira saboda ta cusa ta cikin buhun dawa. Da abubuwa suka ɗan lafa, wani ya buɗe shago a bakin layinmu yana ba da hayar intanet awa-awa. Duk Juma'a bayan la'asar Inna takan ɗauki kwamfutar ta je can, mu gan ta, ta gan mu. Wannan awa ɗayar ita ce duk abin da ke tsakaninmu da ita.

Wata huɗu da suka wuce marfin kwamfutar ya karye, ta ba wani direban babbar mota ya kawo mini. Na kai aka ɗaure marfin. To a nan ne iyayina ya motsa. Na ce wa mai gyaran ya sa mata babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, sabuwa fil, irin wadda ake yayi. Ya ce na'urar ta tsufa, ba lallai ta ɗauka ba. Na ce abin da za a kai wa uwa ne, ba a aika mata da tsohon yayi. Ya ɗaga kafaɗa ya sa. Tun da kwamfutar ta koma hannun Inna, kiran ya lalace. Fuskar Inna ta fito ta daskare, murya ta zo guntu-guntu, sai ya yanke. Na ɗora wa intanet laifi. Daga baya Juma'a uku a jere ba ta kira ba sam, saƙo kawai ke zuwa ta bakin maƙwabciya, wai lafiya lau, na'ura tana aiki, Allah ya yi albarka. Hankalina ya ƙi kwanciya. Na ce ko dai ba ta da lafiya tana ɓoyewa, ko kuma fushi take da ni da na tafi na bar ta.

Hanyar ba laifi har Fao, daga nan sai ramuka da shingaye. A kowane shinge a sauko, a nuna takarda, a buɗe jaka, a koma. Wani soja ya daɗe yana jujjuya ƙullin riɗina, har na ce masa in yana so ya ɗanɗana, ba ya fashewa. Bai yi dariya ba, ni ma na haɗiye tawa. Da muka shiga ƙasar Gezira na manna goshina da taga. A waɗannan gonakin Baba ya yi ƙuruciyarsa yana tsinkar auduga kafin ya koma Omdurman ya kama sayar da tabarmi. Magudanan ruwa wasu sun cika da ciyawa, wasu sun bushe, ga ƙonannun motoci an ture su gefen titi. Dattijon da ke kusa da ni ya ji na yi salati da Hausa, ya juyo ya gaishe ni da ita. Muka yi hira ta ɗan lokaci, ya ce gidansa zai je ya duba ko akwai sauran ƙofa.

A Madani aka tsaya cin abinci. Na ci ful, wato dafaffen wake, da burodi a tsaye, na sha shayi wajen wata mata da ta jera kwalaben kayan ƙamshi a kan akwati. Abin da na biya na kofi ɗaya, a da abincin rana zai saya mini har da canji. Ta ga na ɓata fuska, ta ce ma'alesh, in yi haƙuri, sukari ne ya zama ɗan sarki.

Mun shiga Khartoum bayan azahar, aka sauke mu kusa da Suk al-Shabi. Wallahi da ba don na san wurin ba da na ce direba ya yi ɓatan kai. Kasuwar da a da sai ka yi da gaske kake jin maganar na kusa da kai, yanzu kana jin takun takalminka. An buɗe wasu rumfuna, wasu ƙofofinsu a lanƙwashe, wasu baƙi ƙirin. Na nufi layin da nake sayen takardun jarrabawa, ina fatan ganin ko mutum ɗaya da na sani. Ban ga kowa ba. Na zauna wajen wani mai soya kifi, ya ce da safe aka kawo shi daga Jabal Awliya. Kifin ya yi daɗi, amma cin abinci kai kaɗai a garin da aka haife ka abu ne mai ciwo, ban iya cinyewa ba.

Daga nan na shiga ƙaramar bas muka haye gadar kogin Farin Nilu zuwa Omdurman. Ruwan yana nan yadda na san shi. Omdurman ta fi motsi, akwai masu kayan miya da masu gawayi, akwai hayaniya kaɗan. Na ɗauki raksha, keken nan mai ƙafa uku, zuwa Umbadda, mai rakshar yana ta lissafa mini gidajen da masu su suka dawo da waɗanda ba a san inda suke ba. A layinmu gida huɗu ne kawai ke da mutane.

Na yi sallama a ƙofa. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta amsa ba tare da ta ɗago ba, ta ci gaba da aikinta. Kada ku ce fushi ne. Ni ne ɗan farinta, kuma duk da kakanninmu sun baro ƙasar Hausa da ƙafa tun zamanin da, sun nufi Makka suka yada zango a nan, duk da 'ya'yana yanzu Larabci ya fi musu sauƙi a baki, wannan kunyar Inna ta riƙe ta gam. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yaba ni, ba ta kuma kai ƙarata wurin kowa. Ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye ruwa, ta tambayi jikokinta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta tambayi uwarsu. Ni da na kwaso hanya tun asuba ba a tambaye ni ba. Na dube ta da kyau ta gefen ido. Ta rame, amma tafiyarta garau, hannunta da ƙarfi. Na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, saura ɗaya.

Bayan na ci kisra, wato fallen gurasar dawa, da miyar kuɓewa na tambayi kwamfutar. Ta ce tana aiki, Allah ya yi albarka. Tana kan akwatin ƙarfe a ɗaki, an naɗe ta da farin mayafi mai tsabta. Na kunna. Na zuba shayi, na shanye, ba ta gama tashi ba. Fankar cikinta tana ta huci, ƙasanta ya yi zafi kamar murfin tukunya. Na taɓa alamar kira, na jira, na jira, har na fara jin haushin kaina.

Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da suka yi shekara talatin katanga ɗaya da Inna, ita ta fayyace mini komai da na shiga gaishe ta kafin magariba. Ta ce duk Juma'a tare suke zuwa shagon. Inna ta zauna a benci da kwamfuta a cinya, tana kallon wani ɗan zobe yana juyawa a allo har rabin awa ta wuce. In an yi sa'a fuskata ta fito, baki a buɗe, ta tsaya cik. Sai Inna ta yi ta yi wa hoton magana, tana ba shi labarin unguwa, har mai shago ya ce lokaci ya cika. Matan da ke layi suka yi ta ce mata ta gaya wa ɗanta abin da ya sa a ciki ne ya ɓata ta, don kafin a kai Gadarif ai lafiyarta ƙalau. Maƙwabciyar ta ce amsar Inna ɗaya ce kullum.

"Abin da ya aiko ne. Da wane baki zan ce masa bai yi ba?"

Daga ƙarshe ta daina zuwa, don ta gaji da mutane suna kallonta tana hira da hoto. Na fito daga gidan matar nan ina jin kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Wata huɗu ina zagin intanet, ashe ni ne.

Washegari Alhamis na saɓa kwamfutar na tafi kasuwar Suk Libya, inda aka ce masu gyara sun fara dawowa. Aka nuna mini wata mata a ƙarƙashin rumfar buhu, tebur ɗaya, faifan sola ɗaya a jingine, da kwalin sukurori. Kowa Muhandisa yake ce mata, wato injiniya. Da ta ji inda na fito ta juya harshe zuwa Hausa, irin tamu ta nan, rabi Larabci. Ta ce kakarta 'yar Haɗeja ce. Kafin yaƙi ita ke kula da ɗakin kwamfutoci na wata kwaleji, yanzu ga abin da ya rage, mijinta da 'ya'yanta kuma suna Masar.

Ta kunna na'urar ta naɗe hannu, ta ce kada in taɓa komai. Da ta gama tashi ta buɗe wani shafi mai nuna abin da ke gudana a ciki, ta juyo mini da allon. Ta ce ram ɗin kwamfutar, wato wurin da take baza aikin da take yi a lokacin, giga huɗu ne. Ba mu buɗe komai ba, amma babbar manhajar, wadda ita take kira nizam, ta riga ta mamaye kusan uku. Ta bi jerin da yatsa tana nuna mini. Wannan yana leƙen ko an fitar da sabon gyara. Wannan yana binciken ƙwayar cuta. Wannan yana jera sunayen fayiloli ko wani zai nema wata rana. Wannan yana neman labarin yanayi. Wannan kuma aikinsa kawai ya sa shafi ya buɗe da yanga. Na ce duk wa ya sa su? Ta ce ba wanda ya sa su, tare suke zuwa.

Ta ce in ɗauka tabarma ce aka shimfiɗa wa baƙo, sai masu hidimar gidan suka riga shi zama. In kira ya shigo ba wuri, dole na'ura ta riƙa kwashe wasu abubuwa tana kaiwa diski, wato ma'ajiyarta, tana dawo da su, diskin kuma tsoho ne mai juyawa, ba ya sauri. Shi ya sa hoto ke daskarewa, fanka ke huci, batir ke ƙarewa da wuri. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na ƙarshe da ta faɗa. Sau ɗaya a mako na'urar ke samun intanet, saboda haka da zarar ta samu sai nizam ɗin ya fara sauke gyare-gyarensa da suka taru, yana kokawa da kiran a kan layi ɗaya. Awar da Inna ke jira kwana bakwai, shi yake shanye ta.

Na ce amma a rubuce yake cewa giga huɗu ya isa, da idona na gani. Ta ce ya isa nizam ɗin ya tsaya da ƙafarsa, ba a ce ya isa a yi aiki a kansa ba. Sababbin nan an yi su ne ana tunanin sababbin na'urori masu faɗin ram da diski mai sauri, a can ba a jin nauyinsu. Na'urarmu ba abin da ya same ta, aiki ne ya yi mata yawa, kuma ba aikin mai ita ba.

Hanya uku ta ba ni. A ƙara ram, amma irin na wannan tsoho ne, wanda take da shi a ajiye an kwashe a yaƙin, sai an yi sati-sati ana jira daga Port Sudan. A sa diski mai sauri, shi ma labarin ɗaya ne. Ko kuma a sauke wannan nizam ɗin a sa wani marar nauyi, wanda ba ya ɗauke da rundunar masu hidima. Ku ji ni da rashin hankali, sai na ce wannan ba komawa baya ba ne? Ta cire tabarau ta dube ni.

"Ya ustaz, hajiya jikokinta take son gani ko sabon nizam?"

Na ce ta sauke.

Ta fara kwashe hotunan da ke ciki ta adana, sannan ta shiga aiki. Na zauna a kan bulo ina kallon kasuwa. Masu jaki suna wucewa da gangunan ruwa, wani yana tallan tsofaffin ƙofofi, na rasa ko daga gidan wa aka ciro su. Na sayo mana jabana, wato gahawa, muka sha. Kafin azahar ta gama. Ta kashe ta kunna, ban ƙarasa gyara zama ba allo ya fito. Ta sake nuna mini shafin nan, ko giga ɗaya ba a ci ba, fanka shiru. Ta hana duk wani abu sauke kansa sai an ce masa, ta share komai daga allon ta bar alama ɗaya, ƙatuwa, koriya, yadda Inna za ta gani ko ba tabarau.

Da na koma gida na ajiye kwamfutar a tabarma, na dubi ƙasa na ce abin da na sa aka zuba mata a Gadarif ya fi ƙarfinta, kuskurena ne, an cire. Inna tana gyaran wake. Ta ci gaba da gyaran, ta ce, "Ai da ma tana aiki." Na rasa dariya zan yi ko kuka.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka tafi shagon mu uku da maƙwabciya, Inna a gaba, ni a baya da tazara. Ta zauna a benci, ta danna koren da yatsa ɗaya. Nan take falon gidanmu na Gadarif ya fito, yara uku suna ture juna a gaban allo, murya tar. Inna ta saki wata dariya da rabona da jin ta tun Baba yana da rai. Ta tsokani babban cewa mijin nata ya yi baƙi, ta ce wa ƙaramar kishin me take yi, ta sa aka buɗe baki aka nuna mata haƙorin da ya faɗi. Matan da ke layi suka matso suna leƙe. Ni ina tsaye jikin ƙofa, ba wanda ya waiwaye ni, kuma ban taɓa jin daɗin a manta da ni kamar ranar ba.

Da yamma na roƙe ta ta biyo ni, ko na wata biyu ne. Ta amsa tana fuskantar katanga. Ta ce gidan da aka bari ba kowa, wasu ke shiga. Ta ce in maƙwabta suka dawo suka tarar da layin duk a rufe za su juya, gara su ga ƙofa ɗaya a buɗe. Ban ƙara ba, na san ba a ja da ita. Asabar da sassafe na fito, ta ba maƙwabciya ƙullin busasshiyar kuɓewa ta miƙo mini, ita ba ta fito rakiya ba. Hanyar dawowa shingayen nan ne dai da ramukan nan, sai dai kujerar kusa da ni ba kowa har Madani. Na isa Gadarif gab da magariba.

In kun tambaye ni abin da na koyo, ga shi a taƙaice. Kafin ku sa wa tsohuwar kwamfuta sabuwar babbar manhaja, ku tambayi nawa za ta ci ita kanta, nawa za ta rage wa aikin da aka sayi na'urar dominsa. In mai gyara ya ce ba za ta ɗauka ba, ku saurare shi. In kuma wanda za ku ba abin mutum ne da ba zai taɓa buɗe baki ya ce muku bai yi ba, to ku gwada da hannunku kafin ku aika. Ni ban gwada ba, uwata ta yi wata huɗu tana biyan kuɗin iyayina.

Juma'ar da ta biyo baya kiran ya shigo a kan lokaci. Yara suka yi hayaniyarsu suka gaji suka fita wasa, maiɗakina ta tashi duba tukunya. Aka bar ni da Inna. Hoton ya fito sosai, har ina ganin zaren da ya zare a bakin mayafinta. Ba ta dube ni ba, ta sunkuyar da kai tana jan carbi, ni ma na jawo littattafan ɗalibai ina dubawa. Ba ta kashe ba, ban kashe ba. Mun fi minti ashirin a haka, ina jin numfashinta da ƙarar raksha a layinmu. Can na ji mai shago yana cewa hajiya lokaci ya kusa. Sai ta gyara mayafi, ta dubi gefe, kamar da wani take magana.

"Wanda ya yi tafiya, ya isa lafiya?"

Na ce, "Ya isa lafiya, Inna."

Ta gyaɗa kai, ta ce to madalla, ta kai yatsa ta danna. Na daɗe zaune a wurin kafin na iya tashi in yi alwala.